Kwanukan Jerena da Motar Babanka

Zuwa ga maigidana Malam, a makwancinsa na bayan gari, nan Malumfashi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta kamaci mace ga mijinta, tare da fatan Allah Ya yalwata maka inda kake, ina sanar da kai cewa na fita takaba lafiya, yaranka suna nan ƙalau, masarar gonar rafi kuma ta shiga buhu. Gaisuwa ta tsaya nan. Sauran abin da ke bakina faɗa ne, ka kuwa san ban taɓa iya haɗiye shi ba.

Autarmu Saude ce take buga mini wannan a wayarta. Ta ce idan ta ɗora a shafinta jama'a za su karanta. Na ce su karanta mana. Da ma kaf layin nan babu wanda bai sha jin muryata ta saman katanga ba a kan maganar motar nan, ƙarin wasu ba zai dame ni ba.

Kai ka san motar da nake nufi, amma saboda masu leƙen wasiƙar mutane bari in faɗa. A-kori-kurar mahaifinku ce, Baba Alhaji, shuɗiyar nan da ta yi ta jigilar auduga zuwa Funtuwa da kwandunan tumatir daga Danja tun kafin a kawo ni gidan nan. Wata damina ta yi karo da bijimi a hanyar Kafur, gabanta ya lotse, direba ya ci gaba da jan ta babu ruwa a ciki har inji ya buga. Aka jawo ta da tarakta aka jibge a garkar bayan gidanmu. Da Baba Alhaji ya rasu aka raba gona, aka raba gida, ita kuwa aka bar ta tsakaninka da yayanka Alhaji Sale ba a raba ba, don babu mai so. Kajina suka mai da ita ɗakin ƙwai shekara da shekaru, ba ta tsare wa kowa komai ba.

Sai ka yi ritaya daga aikin malamin gona. Tsararrakinka da suka ajiye aiki, wasu suka kama kiwon tumaki, wasu suka kama sahun gaba a masallaci. Kai kuwa ka zagaya garka, ka kori kajina, ka dafa wannan gwangwani ka ce za ka tashe ta. Har suna ka raɗa mata, wai Dattijuwa. Kai ba bakanike ba, iyakarka abin da ka tsinta wajen masu gyaran taraktocin ofishinku da abin da kake kallo a waya da tabarau a kan hanci. Ranar dariya na yi. Da na san abin da ke tafe da ban yi ba.

Da igiyar shanyata ka fara. Kuka turo motar kai da maƙwabta har ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ka kwance mini igiya ka ɗaura sarƙa a reshen, kuka ciro inji kuka rataye. Baƙin mai yana ɗiga daidai inda nake shimfiɗa tabarma in tsinke zogale. Na yi magana, ka ce kwana biyu ne.

Daga nan ka waiwayi kabad ɗina. "Ara mini kwano ɗaya, Hajiyar kwanuka, zuwa la'asar." Haka ka ce, ina jin muryar har yanzu. Ni da ban taɓa taka matakalar jirgi ba, kai ka naɗa ni Hajiya don tsokana. Na miƙa maka samira mai koren baki, cikin kayan jeren da Inna ta tara mini ɗaya bayan ɗaya da sana'ar ƙuli-ƙuli tun ban isa aure ba. Ka zuba kananzir a ciki ka jiƙa fistin ɗin inji. La'asar ta yi, ta sake yi, damina ta zo ta wuce, kwano bai dawo ba.

Bayan shi ka ɗauki mai jan fure. Sai mai hoton zabuwa, wanda Gwaggona ta Maska ta kawo mini ranar buɗar kai. Sai farin nan mai murfi, wanda ko baƙi ba na zuba wa abinci a ciki. Fistin huɗu, kwano huɗu, kowanne da bawul ɗinsa da 'yan tarkacen da suke tafiya tare da shi. Sannan tasoshi, sannan fanteka, har langar da nake kai wa masu jego abinci, sai da kabad ya koma kamar bakin tsohuwa. Ka jera su a gindin bango tun daga ƙofar zaure har ƙofar kicin, ka kafa mini doka kada a matsar da ko ɗaya. Kullum zan ɗebo ruwa sai na tsallake kayan aurena.

Na ce ka je kasuwa ka sayo robobi kamar kowa. Ka ce robobi duk kamarsu ɗaya, za su rikita ka, nawa kuwa kowanne da fuskarsa. "Tsohon inji ba ya son a sauya masa zama, kowane ƙarfe ya ci gurbinsa ya saba da shi." Na ce ni ma kwanukana sun saba da nasu gurbin. Ka yi dariya ka ci gaba da goge-gogenka.

Ba ka tsaya nan ba. Da ka ga ƙarafan suna kama da juna, sai ka buɗe adakata ka zaro tsofaffin zannuwana ka yayyaga, ka bi kowane ƙarfe ka ɗaura masa ƙyalle, na kwano ɗaya ƙyalle iri ɗaya. Wai ai sun tsufa, ba na ɗaurawa. Wa ya gaya maka zanen da mace ta daina ɗaurawa ta daina so? Atamfar sunan Saude tana ciki, Malam. Na dawo daga barka na tarar da ita a wuyan fistin. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cika wa gwamnati takardu, amma a kan injin nan ko layi ɗaya ba ka rubuta ba, kayana ka mayar abin tuni.

Da ka koma kan gaban motar, abin ya kai ga turmina. Bambar da bijimi ya lanƙwasa ka ɗora a bakin turmi kana dukanta da taɓarya naɗe da buhu, wai guduma za ta ɓata mata fata. Bamba ta miƙe, turmi ya tsage. Lagireto kuwa da ka buɗe ka tarar da shi cunkushe da garin kuka, wanda direbobin Baba Alhaji suka riƙa ɗurawa duk sanda ya fara yoyo a hanya, ya daskare a ciki. Ka tsaya kana yi wa mutanen da suka daɗe da mutuwa faɗa, sannan ka kwashe tsamiyar kunun azumina ka ce a dafa, kana ɗura ruwan kana girgizawa har ya fito fes. Ni na dafa. Ina mita ina hura wuta, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan wannan.

Wani yammaci ka shiga gaban motar ka zauna, babu inji, babu taya ɗaya, ka kama sitiyari kana murɗawa. Ka leƙo ka ce in shigo in zauna gefenka mu gwada, tafiyar farko Maska za ka kai ni in ga dangina. Na ce in ta tashi ka kira ni, yanzu tuwona zai kama. Ka ce to, ka riƙe ni da wannan magana.

Abu ɗaya ya gagare ka, fitilar hagu. Ta dama ta tsira daga bijimi, ta hagu ta tarwatse, irinta kuma an daina kawowa. Na ce ka sa kowace iri, fitila ai fitila ce. Ka ce Dattijuwa ba za ta fita da ido ɗaya babba ɗaya ƙarami ba. Ka cigita a Zariya, ka cigita a Kano, har wani ya kira ka ya ce an ga irinta wajen wani mai tsofaffin kayan mota a Funtuwa. Ranar ko kokonka ba ka shanye ba. Ka zari majanyin da na goya 'ya'yanka da shi, ka ce na naɗe fitila ne kada ta fashe, ka hau babur ka tafi.

Ta iso ba ta fashe ba. Ko tsaga babu. Waɗanda suka kawo ka sun ce babbar mota ce ta ture ka gefen hanya bayan ka wuce Bakori, kuma sun same ka rungume da ita a ƙirji. Ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini ita da hannu biyu, a naɗe yadda ka naɗe ta, yana ganin abin kirki ya kawo.

Malamai sun ce kwana ne ya ƙare, ko a kan gadonka kake sai ka tafi. Na yarda, ba da Ubangiji nake jayayya ba. Da kai nake. Hannu biyu Allah Ya ba ka, Malam, me ya hana ka saki fitilar ka tare ƙasa da su? Wannan tambayar ce take hana ni cin abinci, kuma babu wanda ya ba ni amsarta.

Yanzu ka ji abin da aka yi bayanka. Ranar sadakar uku gida ya cika, ga mutanen Kafur, ga na Maska, ga abokan aikinka. Aka tuƙa tuwo aka rasa abin zubawa, don kwanukan gidan duk suna gindin bango cike da ƙarfe. Ina ɗaki a lulluɓe, ban san wainar da ake toyawa ba. Yayarka Laraba, mai son a ce ta iya tsare gida, ta sa mata suka bi kwanukan nan suna juyewa a buhun taki, suka wanke da toka da sabulu, suka zuba wa baƙi abinci. Aikin da ka ɗauki shekaru kana jerawa, kafin miya ta nuna an hautsina shi. An ce har wasu baƙin suna tambayar juna me ya sa tuwon yake warin kananzir.

Ba da mugunta ta yi ba. Kowace mace a garin nan haka za ta yi, ba a barin masu ta'aziyya da yunwa saboda noti da washa. Amma da na fito na ga gindin bangon nan wayam, kukan da na yi ya fi na ranar da aka shigo da kai, har mata suka fara tofa mini addu'a.

Bayan arba'in Alhaji Sale ya zo. Ya tsaya daga zaure ya gaishe ni, sannan ya ce motar nan ta ci mutum ɗaya, ya isa haka. Ya riga ya yi magana da 'yan gwangwan, za su zo da sikeli su yanka ta su auna, a raba abin da aka samu. Ya ce zai jira in fita takaba don kada a shigo mini da maza gida. Na tambaye shi daga bayan labule, idan ta tashi fa? Ya yi 'yar dariya irin ta manya, ya ce in har ta fita ƙofar garka da ƙafarta, ya bar wa 'ya'yanka rabonsa. Ya faɗi haka ne saboda ya riga ya ga buhun takin da idonsa.

Ka sani, Malam, ba son motar nake yi ba. Ban taɓa son ta ba, yau ma ba na son ta. Amma na zauna na yi tunani. In aka ɗora ta a sikeli, to mijina ya mutu ne a kan ƙarfen kilo, irin wanda ake haɗawa da tsohon bokiti da gwangwanin madara. Gobe jikokinka su tambaya me ya kai kakansu Funtuwa, a ce musu ya je sayo wa tarkacen bola fitila. Wannan ne na kasa ɗauka. Tunda a kan mota ka mutu, dole ta zama mota.

Na aika Danja aka kira mini ƙanena Iro, mai gyaran injinan ban-ruwa da taraktoci, tunda shi yana iya shigo mini, ga shi damina ce aikinsa ya yi sauƙi. Ya zazzage buhun a kan tabarma, ya duba, ya riƙe kai. Ya ce haɗawa ba ita ce wahala ba, sanin wanne ne na wane gurbi shi ne aikin, in aka cakuɗa su a tsohon inji irin wannan ko ya tashi ba zai daɗe ba zai cinye kansa. Yana faɗa yana zaro wuƙa zai yanke tsummokaran ya wanke komai. Na daka masa tsawar da rabon da ya ji irinta daga bakina tun muna gidan Inna.

Ashe duk faɗan da na yi ta yi maka hadda nake yi. Na sa Saude ta sauko da kwanukan, na mai da su gindin bango yadda ka jera, don ƙafata ta san su, babu wanda ban yi tuntuɓe da shi ba. Mai koren baki kusa da zaure, shi ne na gaban inji wajen fanka, ka sha gaya mini ko ban tambaya ba. Sai mai jan fure, sai mai zabuwa, sai farin mai murfi a ƙofar kicin.

Sannan na zauna ina ɗaga ƙarfe ina duba ƙyalle. Atamfar sunan Saude ta mai zabuwa ce, ina zan manta, a kanta na yi maka yajin rabin yini zuwa gidan maƙwabta. Koren leshin da na je bikin ƙanwarka da shi na mai koren baki ne, ranar har na ce maka ka iya haɗa launi kamar tela. Zanen gida mai ɗigo-ɗigo na farin kwano. Duk ƙyallen da na ɗaga sai faɗan ranar ya dawo mini da kalmominsa, da inda kake tsugune, da yadda kake kallona ta saman tabarau kana danne dariya. Iro yana gefe yana cewa in bi a hankali kada in kwarzane su. Ni kuwa ina sakawa a kwano, ina mita, ina share ido da gefen mayafi.

Ba duka muka ci ba. Akwai wasu ƙarafa biyu masu kama da rabin munduwa, cikin waɗanda suke riƙe babban sandan da ke juyawa a cikin inji, ƙyallensu ya zame a buhu. A wasu tasoshi biyu 'yan tagwaye ka sa su, kyautar wata ce da ba ma ga maciji da ita, shi ya sa ranar da ka ɗauka ko kallo ba ka ishe ni ba. Abin da ban yi faɗa a kai ba, ban riƙe ba. Iro ya ɗaura su yadda ya ga ya dace, sanda ya ƙi juyawa ko da ya taka sufana da ƙafa. Ya ce wataƙila sandan ne ya lanƙwashe tun ranar bijimi, in haka ne kuwa magana ta ƙare. Yinin nan ko ruwa ban iya sha ba. Washegari ya dawo ya ce bari ya musanya su ya gani. Da ya ɗaure, da hannu ɗaya na juya sandan yana tafiya sumul. Da tasoshin da nake so ka ɗauka da ba mu sha wannan zullumi ba.

Ni na wasa bawul ɗinka duka takwas. Iro ya nuna mini yadda ake shafa musu maganin wasa ƙarfe a sa sanda a murza tsakanin tafin hannu, na ce ai wannan burka miyar kuka ce, ba ni wuri. Laraba ta shigo ta same ni hannu baƙi ƙirin har gwiwa, ta fita tana yaɗawa wai matar ƙaninta tana takaba tana kanikanci. Na aika Saude ta tambayo malamin Islamiyyarsu. Ya ce abin da aka hana ni shi ne kwalliya da fita, baƙin mai kuwa bai ji wanda ya ce kwalliya ne ba.

A hankali kwanukan suka riƙa yin fanko. Na koma ɗaki, Iro da maƙwabta suka sauke inji daga reshen darbejiya ya koma cikin motar. Aka ɗaura lagireton da ya sha tsamiyata, aka ɗaura bambar da ta ci turmina. Komai ya zauna sai ramin nan na hagu. Fitilar tana ƙasan adakata a cikin majanyi, ban kwance ta ba tun ranar. Iro ya tambaya, na ce ya bar ni. Ba zan ɓoye maka ba, ba sau ɗaya ba na ɗauko ta na ajiye a ƙasa na ɗaga taɓarya. Abin da yake hana ni kullum ɗaya ne, kai ka hana ta fashewa da ƙirjinka.

Safiyar da na fita takaba na kwance majanyin. Akwai jar ƙasar gefen hanya a jikinsa, da wani tabo da ban tsaya dubawa ba. Ban bar Iro ya taɓa ta ba. Ya nuna mini inda waya take shiga, na saka ta da hannuna, na ɗaure. Ta zauna daram, daidai da 'yar'uwarta. Ka yi gaskiya, wata iri ba za ta yi ba, kuma wannan ma ya ba ni haushi.

Washegari da hantsi yayanka ya iso, bai ƙara mini ko yini ba. Yana tafe da Laraba da 'yan gwangwan su uku, da sikelinsu da tukunyar gas ta yankan ƙarfe. Iro ya ɗaura batirin da ya aro, ya murɗa makulli. Ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Batir ya fara sanyi, kowace murɗa tana fita da ƙyar. Na ga 'yan gwangwan sun fara kafa sikeli a bakin garka. Ina tsaye gindin darbejiya ina ce maka a zuci, ka gani ko, ka ga abin da ka jawo mini a gaban mutane.

Sai Alhaji Sale ya yi abin da ban zata ba. Ya daɗe tsaye yana kallon gabanta, bamba a miƙe, idanu biyu daidai da juna. Sannan ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Laraba. "Ko zamanin Baba ba ta taɓa tashi da makulli ba, sai da turi." Ya zagaya ya kafa kafaɗa a bayanta. 'Yan gwangwan suka ga dattijo yana turi shi kaɗai, kunya ta sa suka ajiye sikeli suka kama masa. Daga darbejiya zuwa garka ka san gangare ne. Iro ya sa giya ya saki, ta yi tsalle, ta yi tari, ta tofa wa mai sikelin baƙin hayaƙi a fuska, ta kama. Ta fita ƙofar garka babu hannun kowa a jikinta.

Yayanka ya tsaya yana haki, hula a karkace, hawaye suna bin gemunsa. Ya ce wannan ƙarar ce kuke jiyowa tun daga nesa kuna yara, ku ruga bakin hanya kuna cewa Baba ya dawo daga Funtuwa. Ya sallami 'yan gwangwan da kansa, ya ce a gaban kowa mota ta 'ya'yanka ce. Laraba ta rungume babbar rigar tana kuka.

Iro ya zagaya layi ya dawo ya tsaya a gabana, ya kunna fitilu don in gani. Rana tsaka ce, Malam. Ta kama, amma ba ta haska komai ba, wani ɗan haske ne rawaya da sai ka matso za ka gane a kunne take. Na tsaya ina kallon abin da ka rungume ka bar ni. Na nemi haushin da na zo da shi tun safe, na laluba na rasa. Iro ya buɗe ƙofa ya ce in shigo ya kai ni Maska. Na ce ba yau ba. Wanda ya yi mini alkawarin nan ba shi ne a sitiyari ba.

Da yamma Saude ta wanke kwanukan da toka da lemun tsami, ta mai da su kabad, kowanne ya koma gurbinsa. Igiyar shanya ta koma darbejiya. An share tsakar gida tas, na je rijiya na dawo ban yi tuntuɓe da komai ba. Abin da na yi shekaru ina roƙonka ke nan, ka dawo mini da kwanukana. To ga su an dawo da su, kuma ba na iya kallon kabad ɗin. Da safe in na fito, ƙafata tana ɗagawa da kanta daidai ƙofar kicin, tana tsallake kwanon da ba ya nan.

Jiya na sauko da mai koren baki. Na zuba masa kananzir kaɗan, na ajiye shi a gindin bango kusa da zaure. Saude ta tambaye ni na mene ne, ta miƙa hannu za ta ɗauke. Na ce ta bar shi, aro babanta ya yi, ya ce sai la'asar.

A gaban Allah na yafe maka, Malam. Na yafe turmi, na yafe atamfa, na yafe tsamiya da igiya da kwanuka, kada a tsayar da kai a kan ko cokalina ɗaya. Fitilar ma na yafe a can. A nan tsakanina da kai ne ban gama ba, ka ba ni lokaci, ka san ni da jinkirin hucewa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka da hasken da ya fi wanda ka je nema. Allah Ya haɗa ka da Baba Alhaji a gidan rahama, ka gaya masa motarsa ta tashi. Allah Ya raya abin da ka bari, Ya ba ni haƙurin da ban taɓa yi da kai ba. In tawa ta zo Ya sa in cika da imani, Ya sada mu, don akwai sauran magana.

Matarka,
Hajiyar kwanuka